Kawu Mangil Mai Buɗe Ƙofa

Seol Mangil ya yi yawancin rayuwarsa a sama. Da ya gama aikin soja ya shiga wata ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a garin Gunsan, aka koya masa tuƙin injin ɗaga kaya, ya kuma zauna a kan wannan aikin har furfura ta cinye masa kai. Kullum da safe zai hau tsani da kwanon abincinsa, ya shige ɗan ɗakin gilashin da ke can ƙololuwa, ba ya saukowa sai an tashi. Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa Gyesun, wadda ke da shagon taliya a tsohuwar kasuwa, takan ce wa maƙwabtanta iskar teku ce ta kwashe masa surutu.

Ciwon a ƙasa ya same shi, wata Lahadi, yana taya ta wanke kabeji lokacin haɗa kimchi, kabeji mai yaji da ake tsimawa don hunturu. Kabejin ya suɓuce daga hannunsa na hagu, ya sunkuya zai ɗauka, sai shi ma ya bi shi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Ƙafa ta dawo, sai ɗan ja da yake yi. Baki ya miƙe. Hannun hagu ne ya ƙi, yatsu biyu kaɗai ke motsi, sauran sun lanƙwashe kamar suna riƙe da wani abu. Aiki kuma ya ƙare. Ba wanda zai ba mai hannu ɗaya tuƙin ƙarfe mai nauyin gida a kan kawunan mutane, shi ma bai nema ba.

Ya koma zaman gida. 'Yarsu Bora tana aiki a Seoul, sai waya. Yakan wuni gaban talabijin ba tare da ya san abin da ake nunawa ba, ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti don ya riƙa matsawa tana ƙarƙashin kujera. Gyesun ta yi ta kallonsa har ranar da ta gaji.

Ta ce, "Baban Bora, tashi ka fita. Ko bakin ruwa ne ka je ka ƙirga tsuntsaye. Idan na dawo na same ka a kan kujerar nan, da kai da ita zan fitar waje."

Bai san inda zai nufa ba, sai ya tafi wajen Bang Chilsong. Ɗan ƙauyensu ne, ƙane a shekaru, mai ƙiba da dariya, yana da gidan gem a saman wani kantin magani. Layi-layi ne na kwamfutoci da manyan kujeru, ga ƙamshin taliyar leda da kofi. Wurin ba ya cika sai an tashi daga makaranta. Da hantsi kuwa kusan wayam yake.

Chilsong ya ce, "Yaya! Kai ne yau a duniyar yara? Zauna nan, nan ne ɗumi ya fi."

Ya haɗa masa kofi a kofin takarda. Washegari Mangil ya dawo, haka jibi, har kujerar da ke kusa da taga ta zama tasa.

Mutum biyu ne ba sa fashin zuwa da hantsi. Akwai Ok Hyerin, nas ce a ɗakin masu jinyar ƙashi, takan biyo in ta sauka daga aikin dare domin ta ce barci ba ya ɗaukarta sai ta harbe wani abu tukuna. Akwai kuma Gil Taeung, mai kai saƙon abinci a babur, wanda ke jiran lokacin cin rana ya yi, hularsa ta kwano na ajiye a gefen kwamfuta. Su biyu da Chilsong wasa ɗaya suke yi ta intanet. Sunansa dogo ne, su dai Rumbu suke ce masa. Mutum huɗu ke haɗuwa su shiga wani ƙaton rumbun kaya da mutum-mutumi masu bindiga ke gadi, su kwaso abin da suka samu su fito. A can ciki akwai ƙofofin ƙarfe da ba sa buɗuwa sai an yi musu kutse. Uku su tsaya suna harbi, ɗaya ya durƙusa a bakin ƙofa yana fama da makulli.

Ba mai son aikin ƙofar. Ba harbi, ba gudu, in ka buɗe ba wanda zai yaba, in ka kuskure kowa ya san kai ne. Su ukun sukan bar wa na huɗun da wasan ya haɗa su da shi daga wani gari, shi kuma yawanci ya ɓata, ya zage su, ya fice.

Wata rana bayan an yi haka, Taeung ya cire abin jinsa daga kunne ya jefar a kan tebur. Hyerin ta waiwayo ta ga Mangil yana leƙen allonta.

Ta ce, "Kawu, hannunka na dama lafiya lau yake, ko?"

"Lafiya lau."

"To ƙofar nan linzamin kwamfuta kawai take buƙata. Zo ka zauna."

Taeung ya ce, "Yaya Hyerin, da gaske kike? Kawu ya taɓa kunna kwamfuta kuwa?"

Chilsong ya ce, "Kai rufe mana baki. Wanda ya tafi yanzu ya iya kunnawa, me ya tsinana?"

Abin da ke fitowa in mutum ya durƙusa a bakin ƙofa allo ne mai ɗigo-ɗigo, an haɗa su da zare kamar ragar kamun kifi. Kai kana ƙasa, makulli yana sama, kana jan wuta daga ɗigo zuwa ɗigo har ka kai gare shi. A cikin ragar akwai jajayen ɗigo masu yawo, su ne 'yan gadi. Akwai rawaya, waɗanda in ka taka ƙungiya ta sami ƙarin ganima. Agogo na tafiya a gefe. In ja ya kama ka, ko lokaci ya ƙare, jiniya ta tashi, mutum-mutumi su fito ta ko'ina, aikin kowa ya lalace.

Ranar farko Mangil bai buɗe ko ɗaya ba. Har ƙarshen makon ba wani abin kirki. Taeung ya raɗa masa suna Kawu Jiniya, in ya shigo da safe sai ya yi kukan jiniyar da baki. Amma in sun watse, Hyerin ta tafi barci, Taeung ya hau babur, sai Mangil ya ce wa Chilsong ya buɗe masa wurin gwaji, inda mutum ke fama da makulli shi kaɗai ba mai harbinsa. Yakan zauna a nan har yara su fara shigowa da jakunkunansu.

Abu na farko da ya lura da shi, agogon ba ya farawa sai ka taɓa ɗigon farko. Kowa na rawar jiki ya danna da zarar allon ya fito, saboda ƙarar harbi a kunne. Shi sai ya ɗauke hannu daga linzami gaba ɗaya, ya ɗora a cinya, ya yi ta kallo. Ba daga ƙasa yake fara neman hanya ba. Daga makulli yake farawa da ido, ya biyo zaren baya-baya har inda yake tsaye, domin hanyoyin da ke shiga makulli kaɗan ne, na ƙasa kuwa suna da yawa, rabinsu ba sa kai ko'ina.

Wannan tsayuwar ita ta fi ba Taeung haushi.

"Kawu, ka yi barci ne? Suna cinye ni a nan!"

"Riƙe su."

"Da me zan riƙe su? Harsashina ya kusa ƙarewa!"

"Riƙe su dai."

Sai ya ɗora hannu, ya ja wutar a tafiya ɗaya ba tsayawa, ƙofa ta yi ƙara ta buɗe. Ranar da hakan ta fara faruwa Chilsong ya miƙe tsaye ya yi ihu har mai kantin magani ta hawo ta ga ko lafiya.

Daga baya ya gano jajayen ba da kansu suke yawo ba. Sai ka yi taku su yi taku. In ka tsaya, su tsaya. Saboda haka in ja ya tare masa hanya, ba ya zagaye mai nisa, sai ya koma baya taku ɗaya, ya sake dawowa, kafin nan jan ya wuce. Ya daina bin gefen raga, duk da gefen ya fi kama da wurin tsira, domin a can in an tare ka ba ka da mafita. Yakan bi tsakiya, inda kowane ɗigo ke da hanya uku ko fiye. Rawaya kuma ya daina kula su. Ya lura waɗanda suka ƙirƙiri wasan da gangan suke ajiye su a hanyar ja.

Taeung ya ce, "Kawu, ga rawaya biyu a gefenka, ka wuce su kamar ba ka gani ba!"

"Na gani."

"To?"

"Kana son rawaya ko kana son ƙofa?"

Dabarar da ta fi ceton su ita ce wadda ba wanda ya yarda da ita da farko. In ya ga an rutsa shi, ba ya jira a kama shi, sai ya janye da kansa. Ƙofa ba ta buɗu ba, amma jiniya ba ta tashi ba, allon ya sake sabon zubi, ana ba mutum dama ɗaya ya sake gwadawa. Mutane da yawa sun san da hakan, amma girman kai ba ya barin su janye, kullum gani suke saura ƙiris. Mangil in zai janye cewa kawai yake yi, "Wannan ba tawa ba ce," ya fita, ya sake shiga.

Kafin bazara ƙungiyarsu ta kai ɗakunan cikin rumbun da Chilsong bai taɓa gani ba sai a bidiyon wasu. Sunan Kawu Jiniya ya tsaya, amma yanzu Taeung da alfahari yake faɗarsa. In baƙo ya shigo gidan sai ya nuna masa kujerar taga ya ce, "Ka ga tsohon can? Ba ƙofar da ke gagararsa." Gyesun ta lura mijinta ya fara cin abinci sosai, har yana ba ta labarin ja da rawaya a kan tebur, tana gyaɗa kai ba don ta gane ba.

Sai waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka yi gyara. Suka ce kutsen ya yi sauƙi, suka ƙara masa wani abu mai bin sawu. Da ka fara jan wuta sai wani farin haske ya biyo ka daga baya. Ba a tsayar da shi sai da madannai uku, kowanne da launinsa, in allon ya ƙyafta launi ka danna nasa da hannun hagu, dama kuma na kan linzami.

Mangil ya gwada da dama kaɗai, yana tsalle tsakanin linzami da madannai. Bai yiwu ba. Ya ɗora hannun hagu, yatsun da suka lanƙwashe suka danne madannai huɗu a lokaci guda. Jiniya ta tashi. Aka sake shiga, ta sake tashi. Haka suka yi ta yi har kwanaki, matsayin da suka hau a wasan yana zubewa.

Ranar da abin ya ɓaci, sun kai ƙofar ƙarshe da jaka cike da kaya, jiniya ta tashi. Taeung ya buga tebur.

Ya ce, "Kawu, gaskiya nan ba asibiti ba ne. In hannun ba zai yi ba, a faɗa, mu nemi wani."

Chilsong ya ce, "Kai! Da wa kake magana haka? Sa'an ubanka ne fa."

Hyerin ta zuba wa Taeung ido har ya sunkuyar da kai. Mangil ya cire abin jin daga kunne, ya rataye shi a inda yake ratayewa, ya tura kujera.

Ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Ku nemi wani."

Ya sauka matakala a hankali, yana dafa bango. Ba fushi ya ji ba. Irin abin da ya ji ranar da ya je kwashe kayansa daga ma'aikata ne, ya ga wani a cikin ɗakin gilashin.

Ya koma zama a shagon taliya. Gyesun ta ba shi ɓarar tafarnuwa, yana danne ta da gefen hannun hagu yana ɓarewa da dama, rabi na faɗuwa ƙasa. Chilsong ya kira shi a waya, Mangil ya ce masa ba ya jin daɗi ne. Da aka kwana biyu sai ga Hyerin ta shigo shagon da rana, da idanun marar barci. Ta ce, "Inna, a ba ni kwano ɗaya, a cika yaji." Ta cinye tas, ta sha romon, sannan ta jawo kujera gaban Mangil.

"Kawu, ba ni hannun."

Ya miƙa. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi wa majinyata, ta ce ya matsa, ya saki, ya ɗaga.

"Yaushe rabonka da motsa shi yadda aka ce?"

Gyesun ta amsa daga bakin tukunya, "Tambaye shi ina ƙwallon da aka ba shi. Ni na share ta daga ƙarƙashin kujera."

Hyerin ta ce, "Madannai uku ne. Kana da yatsu biyu masu motsi, ga gefen hannu, uku ke nan. Ba na ce hannun zai warke ba ne, ban sani ba, likitanka ma bai sani ba. Amma wanda muka samu yanzu, Kawu, ko ƙofar banɗaki ba zai iya buɗewa ba."

Gyesun ta yi dariya har ta dafa tebur. Mangil ya ce zai duba.

Da ya koma, ya tarar Chilsong ya yi aiki. Ya sauya tsarin madannan a cikin wasan, ya zaɓi uku masu nisa da juna, ya ɓalle na kewaye da su, ya manna murfin kwalbar giyar soju a kan kowanne don su yi tudu. Ya shafa musu jan farce na matarsa, kowanne da launin da ke fitowa a allo.

Ya ce, "Yaya, kar ka faɗa mata. Ta ɗauka 'yarmu ce ta ɗauke."

Taeung ba ya nan. Ya koma wata ƙungiya a intanet, ya kuma daina hawowa.

Mangil ya koma wurin gwaji kamar farkon zuwansa. Hannun na gajiya da wuri, kafaɗa na yi masa zogi, wani lokaci yatsan ya ƙi tashi daga kan murfin sai ya ɗaga shi da dama. Dole ya sake dabara. Da can yakan zaɓi hanya mafi aminci ko da ta yi tsawo. Yanzu tsawon hanya na nufin yawan danna madannai, don haka ya koma neman mafi gajarta, ko da za ta bi ta gefen ja. Ya lura launukan ba sa ƙyaftawa, farin hasken ma ba ya matsowa, sai wuta na tafiya, sai ya riƙa tsayawa a mahaɗa ya huta da hannun, ya bar agogo ya ci abin da zai ci. Janyewa kuma ya ƙara yawan yin ta. Ya roƙi Hyerin ta riƙa tsayawa kusa da shi a wasan, saboda kallonsa na farko ya ƙara daɗewa.

Bai koma yadda yake da ba. Ƙofofin can ciki wasu na buɗuwa, wasu na gagara. Amma jiniya ta ragu, suka fara hawa a hankali. Wani safe yana sa riga ya ga ya ɓalla maɓalli da hannun hagu ba tare da ya yi niyya ba. Da ya gaya wa likita, likitan ya ce ya ci gaba da duk abin da yake yi, amma kar ya daina zuwa gashi.

Taeung ya dawo ana tsakiyar damina, jiƙe sharkaf, da kwalin mandu mai zafi a hannu, irin curin fulawar nan mai nama a ciki. Ya ajiye a gaban Mangil, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Wani ne ya yi oda ya fasa," in ji shi.

Chilsong ya ce, "Ƙarya kake. Ga sunanka a jikin kwalin."

Mangil ya buɗe, ya ɗauki ɗaya, ya tura sauran tsakiyar tebur. Ya ce, "Zauna. Ana cinye mu ta hagu tun da ka tafi." Maganar ba ta sake tashi ba.

Shekarar da ta biyo baya Chilsong ya rufe gidan. Yara sun koma wasa a waya, gwiwarsa kuma ta gaji da matakala, ya koma ƙauye noman dankali. Ranar kwashe kaya ya ɗora kwamfutar kujerar taga a bayan babur ɗin Taeung, da madannanta masu murfi, aka kai ta shagon taliya. Hyerin ta sami canjin aiki zuwa garin Jeonju. Yanzu ranar Lahadi kaɗai suke haɗuwa su huɗu, kowa daga inda yake, Chilsong na ƙorafin intanet ɗin ƙauye.

Sauran ranaku Mangil na wasa da duk wanda aka haɗa shi da shi, tsakanin cin rana da na yamma, a bayan shago kusa da buhunan fulawa. Wasu kan zage shi in ya tsaya kallo, wasu kan tambaye shi yadda ya yi in ƙofa ta buɗe. Da yake rubutu da hannu ɗaya na ba shi wahala, da baki yake yi musu bayani, a gajarce. In sun ji muryar sukan ce, "A'a, Baba, shekarunka nawa?" Ya faɗa musu, sai su fara yi masa magana da ladabi.

Gyesun ta ce kwamfutar ta cinye mata wurin ajiye tukwane, ta kuma ce ƙarar harbin na korar mata masu ciniki, duk da a kunnensa kaɗai ƙarar take. Amma in ta gama murza taliya takan zo ta tsaya a bayansa, hannu duk gari.

"Baban Bora, ga ja nan ta damanka."

"Na gan shi."

"To koma baya mana."

Ya koma baya, jan ya wuce. Wani ya ɗaga labulen shago yana tambaya ko akwai sauran taliya, ta goge hannu a zanin aiki ta fita.